Muryar Waliyyin Batul

Duk wanda ya taɓa bi ta Ƙofar Galadima da hantsi ya ga Malam Mika'ilu, ko da bai san sunansa ba. Shi ne ƙaton nan da ke zama a bakin zaure kan buzu, ya miƙe ƙafa, ya baza babbar riga a cinya yana ɗinkin aska takwas. Allah Ya yi masa jiki ba rowa: ga tsawo, ga faɗin kafaɗa, ga wuya kamar turmi. In zai shiga gida sai ya sunkuya. In ya hau keke napep, direba kan leƙa ya duba tayar baya. Allura kuwa ba a ganinta a hannunsa, sai dai a ga zare yana tafiya.

Duk wannan kwarjini yana nan ne muddin bai yi magana ba. Muryar Malam Mika'ilu siririya ce, mai zaƙi, irin ta yarinyar da aka aika gidan maƙwabta aron rariya. Tun ana cewa a bari ya balaga za ta fashe, har ya yi gemu, har gemun ya fara furfura, murya tana nan inda ya bar ta a makarantar allo.

'Yan unguwa sun daɗe da gajiya da dariya, don abin da kake ji kullum ba ya ba ka dariya. Baƙi ne ba sa gajiya, su kullum sababbi ne. Zariya kuwa ba ta rabo da baƙi, daga ɗalibai har fataken da ke zuwa sarin riguna.

Wata rana ya tari keke napep a Tukur-Tukur, ya ce wa direba, "Ƙofar Galadima." Wani saurayi da ke ciki ya waiga yana neman macen da ta yi magana. Da ya gane daga inda muryar ta fito, sai ya tuntsire da dariya.

"Baba, wannan jiki haka, ina ka baro sauran muryar?"

Malam Mika'ilu ya dube shi. Ya haɗa babban yatsa da manuniya ya ɗan murza su, kamar mai zura zare a allura. Sannan ya ce, "Ranar rabo na daɗe a layin jiki, ka dai ga abin da na kwaso. Kafin in koma layin murya an rabe, sai ta yara ta rage. Kai a wane layi ka makara, ɗana? Don kowa da inda ya makara."

Sauran fasinjoji suka kwashe da dariya, wata dattijuwa har tana dukan cinya. Saurayi ya sosa ƙeya. Da za a sauka, shi ya riƙe wa Malam ƙunshin zarensa.

Wayar hannu da ta zo sai ta ƙara masa aiki. Duk baƙon da ya kira kan maganar ɗinki, da ya ji sallama sai ya ce, "Hajiya, ina wuni? Don Allah ba ni maigidan." Malam Mika'ilu kan ce, "Maigidan ne da kansa. In kuma muryar maza kake so, bari in ba ka Hajiyar." Ba ƙarya ya yi ba. Matarsa Safiyatu 'yar siririya ce, iska mai ƙarfi ma sai ta yi tunanin ɗaukarta, amma in ta kira yaro daga tsakar gida har masallacin unguwa ana ji. 'Yan unguwa kan ce an yi musayar kaya ne a hanya, kowa ya tafi da na wani, aure ya zo ya haɗa kayan a gida ɗaya.

Kada a ɗauka da haƙurin nan aka haife shi. Yana saurayi zuciya gare shi kamar kuturu. Wani bafatake ya taɓa kwaikwayon muryarsa a gaban jama'a, Mika'ilu bai zage shi ba, bai mare shi ba, sai ya sunkuce shi ya ɗora a kan katangar gidan liman, ya yi tafiyarsa. Mutum yana can sama yana salati har aka nemo tsani. Da labari ya kai kunnen mahaifinsa, wanda shi ma maɗinki ne, ya kira shi zaure.

"Me ya ce maka?"

"Cewa ya yi muryata ta mata ce."

"Ƙarya ya yi?"

Mika'ilu ya sunkuyar da kai. "A'a."

"To a kan gaskiya ka ɗora bawan Allah a katanga? In haka ne, katangun garin nan ba za su ishe ka ba." Tsohon ya miƙa masa allura da zare. "Daga yau, duk wanda ya gaya maka magana, zura zare tukuna kafin ka amsa. Mai fushi ba ya iya zura zare. In zaren ya shiga, to hankalinka ya dawo, faɗi abin da za ka faɗa. Kuma kada ka musa abin da kowa ke ji da kunnensa. Karɓi maganar, ka yi mata ado, ka mayar wa mai ita."

Tun yana zurawa da allura ta gaske, har ya zama yatsu kawai yake murzawa. Haka ya rayu. Bai ƙara ɗora kowa a katanga ba, ba kuma wanda ya tsokane shi ya tafi da riba.

Abu ɗaya ne muryar ta yi masa wanda har yau yake gode wa Allah a kai. Tun kafin ya yi aure, lokacin 'yan mata suna toshe baki da gyale in ya je zance, wansa da matarsa suka rasu a haɗarin mota a hanyar Funtuwa. Suka bar 'ya ɗaya, Batul, ko yaye ba a daɗe da yi mata ba. Aka kawo ta gidan, wurin kakarta da ta tsufa ƙwarai. Yarinya ta ƙi kowa. Kuka take yi ba ji ba gani, an goya ta, an jijjiga, an ba ta alewa ta yar. Wata rana da rana tsaka Mika'ilu ya gaji da jin kukan daga zaure, ya taso ya tsaya a bayan labule ya ce, "Batul, ya isa. Ina nan."

Kuka ya tsaya cak. Yarinya ta zuba wa labule ido, ta ɗauka uwarta ce ta dawo. Da ya ɗaga labulen ta ga ƙato da gemu, ta ɗan yi turus, sai ya sake magana, ita kuwa ta miƙa hannu. Daga ranar shi ne mai ba ta koko, shi ne mai rarrashi, a gefen buzunsa take barci yana ɗinki. Sai da ta shiga firamare sannan Allah Ya haɗa shi da Safiyatu, wadda ta ce ita kam murya ba ta dame ta ba, tana da wadda za ta ishe su su biyu.

Batul ta girma, ta yi karatun jinya, ta fara aiki. Wani abokin aikinta, Muhsin, ɗan Kano, ya ce yana so, ita ma ta ce tana so. Manya suka shiga magana, aka sa rana. Ba wanda ya tsaya tambayar wane ne waliyyi, don ƙanin uba yana raye, kuma shi ya rene ta. Malam Mika'ilu ya sayo shadda ya fara yi wa kansa riga, karo na farko da ya zauna ya ƙawata tasa ba ta wani ba.

Ana saura 'yan kwanaki sai ga Yahaya. Yahaya ɗan baffansa ne, ya yi ritaya daga sakatariyar ƙaramar hukuma, irin mutanen da ko suna za a raɗa wa jariri sai sun kafa kwamiti. Ya zauna a gefen buzu, ya yaba ɗinki, ya tambayi farashin zare, ya yi maganar damina. Sannan ya gyara murya.

"Yaya, na ce ko ranar nan ka huta. Hidima za ta yi maka yawa. Ni sai in tsaya a waliyyi, kai ka ji da baƙi. Furotokol ne kawai."

"Wane irin furotokol ne zai hana uba ba da 'yarsa?"

Yahaya ya cire hula ya mayar. "Ka gane ai. Kanawa ne, abokan wasa, ka san bakinsu ba linzami. Za a sa lasifika. Yaran yanzu kowa da waya a hannu, kafin azahar bidiyo ya zaga duniya. Kai ka saba, ba ya damunka. Amma yarinyar nan can za ta zauna a cikinsu. Za ka so duk ranar da ta ɗan saɓa da dangin miji a kwaikwayi muryar ubanta a tsakar gida?"

Malam Mika'ilu ya ɗauki allura ta gaske, ya lashi bakin zare, ya kai. Zare ya ƙi shiga. Ya sake, ya ƙi. Mutumin da ya mayar wa direbobi da fatake da ɗaliban jami'a magana ba tare da ya ɗaga gira ba, ranar nan zare ya gagare shi. Maganar baƙo a fata take tsayawa, ta ɗan'uwa kuwa har ƙashi take kaiwa, balle in ta zo da siffar tausayi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, kuma abin da ya fi ciwon shi ne yana ganin kamar Yahaya yana da gaskiya.

"Zan yi tunani," in ji shi. Ya naɗe rigar ya ajiye.

Safiyatu da ta ji, ta ce Yahaya ya cika shisshigi, amma ita ma ba ta zauna ba. Tunda murya ce matsala, sai a gyara murya. Ta dafa citta da kanumfari da masoro, ta zuba zuma, ta tsare shi sai ya shanye. Kwana biyu yana sha, murya ta ƙara washewa, ta yi tar kamar an wanke ta da sabulu. Wata maƙwabciya ta ce ai kuskure aka yi, ba gyara ake nema ba, ɓatawa ake nema: a sa masa mura, murya za ta dushe ta yi kauri. Safiyatu ta aika aka sayo ƙanƙara, ta cika jug, ta juya fanka saitin gado. Don ƙarfafa masa gwiwa ita ma tana taya shi kurɓa. Malam Mika'ilu ya sha ruwan ƙanƙara har haƙoransa suka mutu, ko atishawa bai yi ba. Safiyatu ce ta kwashi murar. Muryarta ta ƙara nutsewa, har mai sayar da ruwa ya yi sallama a ƙofa, ta amsa, ya ce, "Alhaji, jarka nawa za a zuba?"

Ana cikin haka Batul ta dawo daga aiki da la'asar, ta tarar da shi a zaure ba ɗinki a hannu, abin da ba ta taɓa gani ba. Ta durƙusa ta gaishe shi, ba ta tashi ba.

"Baba, wai Baba Yahaya ne zai ba da aurena?"

"Ana dai shawara."

"Laifin me na yi?"

"Ba ki yi laifi ba. Don kada a yi miki dariya a Kano ne."

Batul ta yi murmushi, idonta kuwa ya cika da hawaye. "Baba, ranar da Muhsin ya fara kiranka, ai ce maka ya yi Mama ina wuni. Ka ce masa Mama tana lafiya, Baba ma da yake magana da shi yana lafiya. Har yau in ya tuna sai ya rufe fuska, amma cewa yake bai taɓa ganin mutum irinka ba. Ni dariyar Kano ba ta dame ni ba. Ranar nan zan zauna kusa da taga in saurari lasifika. In ba muryarka na ji ba, wallahi ni a wurina ba a ba da ni ba."

Ta tashi ta shige gida da sauri, don kunya ta kama ta. Malam Mika'ilu ya daɗe yana kallon ƙofar da ta bi. Sannan ya jawo rigar ya warware, ya lashi zare, ya kai. Zare ya shige.

Ya aika wa Yahaya cewa shi zai tsaya. Yahaya ya ce to, Allah Ya kai mu. Amma wanda ya saba da kwamiti ba ya rasa shiri na biyu.

Ranar Asabar da hantsi aka shimfiɗa tabarmi daga ƙofar gida har bakin masallaci. Goro da alewa da dabino suna cikin faranti. Kanawa suka iso mota biyu, shadda tana ƙara, turare yana tashi. Jagoransu kuma wakilin ango shi ne Alhaji Bahago, kawun Muhsin, ɗan kasuwar yadi, gajere mai tumbi da murya kamar ganga. Tun daga bakin mota ya fara.

"Zagezagi, mun iso! Ina fatan dai an dafa shinkafa, kada a tare mu da fate!"

Dattawan unguwa suka yi dariya, wani ya ce ai Bakano ko ruwa ka ba shi sai ya tambayi sari ko sayen ɗaiɗai. Haka wasan yake tun kaka da kakanni, ba mai jin haushi. Alhaji Bahago ya hango Malam Mika'ilu cikin sabuwar riga, ya cika tabarma guda shi kaɗai, ya ce a ransa wannan kam ba abokin wasa ba ne. Suka yi musabaha, Malam ya ɗan rusuna kawai bai ce komai ba.

Liman Abdulhamid ya zauna a tsakiya. Tsoho ne, masani, kunnensa ya yi nauyi, amma a kan ƙa'ida ba ya sassauci ko na ƙwayar gero. Aka buɗe da addu'a. Aka miƙa wa Alhaji Bahago makirfo, ya nema wa ɗansu Muhsin auren Batul bisa sadakin da aka ambata, da muryar da ta sa tantabarun maƙwabta suka tashi. Sannan aka miƙa wa waliyyi.

A daidai nan Yahaya, wanda ya zaɓi zama kusa da akwatin lasifika, ya sa ƙafa ya taka wayar makirfo, ya ja a hankali har ta zare. Dabararsa ita ce Malam ya faɗa a hankali, na kusa su ji, sanƙira ya ɗaga murya ya sanar da jama'a, a shafa fatiha, kowa ya watse ba wanda ya ji komai. Ya manta da kunnen liman.

Malam Mika'ilu ya ce, "Na ba shi." Lasifika ba ta ce uffan ba.

Liman ya kai hannu bayan kunne. "Me ya ce?"

Sanƙira ya daka tsawa, "Ya ce ya ba shi!"

"Ba kai na tambaya ba," in ji liman. "Kai ne waliyyi? Daga bakinsa zan ji, shaidu ma su ji. Aure ba a ɗaura shi da an ce ya ce. Mika'ilu, maimaita."

Ya maimaita. Liman ya dubi na dama, ya dubi na hagu. "Ni dai na ga gemu yana motsi."

Jama'a suka fara gunaguni, na baya suna tambayar ko waliyyi ya fasa ne. Garin neman gira Yahaya yana shirin rasa ido. Malam Mika'ilu ya dubi makirfon da ke hannunsa, ya bi waya da ido har ƙarƙashin ƙafar ɗan'uwansa. Ya ɗaga kai ya dubi tagar ɗakin da ke kallon titi. Labulen tagar yana ɗan motsi.

"Yahaya," in ji shi, "mayar da wayar nan da ka zare."

Yahaya ya sunkuya yana gumi ya mayar. Garin gaggawa ya murɗa abin ƙara sauti har ƙarshe. Lasifika ta yi ƙara ta yi shiru. Sai muryar Malam Mika'ilu ta tashi a kan Ƙofar Galadima, siririya, tar, wankakkiya da zuma da citta:

"Ni Mika'ilu, na ba Muhsin auren 'yata Batul, bisa sadakin da aka ambata. Cinta da shanta da suturarta da mutuncinta sun koma hannunsa."

Kanawa suka dubi juna. Wani saurayi a cikinsu ya cusa hula a baki. Aka ɗaga wayoyi sama kamar yadda Yahaya ya faɗa. Alhaji Bahago ya yi ƙoƙari, Allah Ya sani ya yi ƙoƙari, tumbinsa yana rawa yana danne shi. Amma Bakano ya ga Bazazzagi a irin wannan hali ya yi shiru, ai sai a ce ba shi da lafiya. Ya jawo makirfo.

"Liman, a gafarce ni, tambaya gare ni kafin in karɓa. Mu baƙi ne, ba mu san al'adar gari ba. A Zariya uwar amarya ce ke ba da aure?"

Dariya ta ɓarke, har da wasu 'yan unguwa da suka kasa riƙewa. Yahaya ya rufe ido. Tsofaffin da suka san zancen katanga suka dubi katangar gidan liman, suka dubi Alhaji Bahago, suka ga ba zai yi nauyin ɗauka ba.

Malam Mika'ilu ya haɗa yatsu biyu ya murza. Ya jira har dariya ta lafa. Sannan ya miƙa hannu aka ba shi makirfo.

"Alhaji, ka faɗi gaskiya ba ka sani ba. Yarinyar nan ko magana ba ta gama iyawa ba uwarta da ubanta suka rasu rana ɗaya. Da aka kawo ta gidan nan ta ƙi kowa, sai wannan muryar da kake ji ta yarda da ita. Na daɗe ina tambayar kaina me ya sa Allah Ya ba ni wannan jiki da wannan murya, sai ranar na gane. Jikin na uba ne, muryar ta uwa ce, Ya haɗa mata su wuri ɗaya don kada marainiya ta yi ta yawon nema. Saboda haka mu biyu muka ba ku, uwa da uba. Ku Kanawa kun fi kowa sanin ciniki. Kun zo neman amincewar mutum ɗaya kun samu ta biyu, ko gyara ba ku roƙa ba. In akwai inda ake irin wannan arha a Kano, faɗa mini in zo sari."

Wannan karon dariyar daban ce. Wasu suna dariya suna share ido da bakin riga, wani dattijo a baya yana ta faɗin "Allahu Akbar." Daga cikin gida aka ji guɗa, a bayanta kuma wata murya mai kauri ta mura tana cewa, "Gaya musu, Malam!" Wani Bakano ya tambayi na kusa da shi ko wan waliyyin ne, aka ce masa matarsa ce.

Alhaji Bahago ya karɓi makirfo. Da ya yi magana, gangar nan ta sauko ƙasa. "Na karɓa wa Muhsin, daga hannun uwa da uba. Malam, ka kayar da ni a gaban yarana. Kuma na yi maka alkawari, duk wanda ya ɗaga wa yarinyar nan murya a gidanmu, da ni zai yi."

Liman ya gyaɗa kai. "Yanzu na ji. Tun farko da haka aka yi, da tuni mun ci goro. A shafa fatiha."

Bidiyon ya zaga kamar yadda Yahaya ya yi tsoro, har shi Yahayan yana tura wa tsofaffin abokan aikinsa yana cewa yayansa ne. Malam bai taɓa tayar masa da zancen zare wayar makirfo ba. Da ya zo ba da haƙuri, cewa kawai ya yi, "Ai ka kyauta, kai ka ƙara mini sauti."

Washegari bayan azahar aka fito da amarya za a kai ta Kano. Batul ta lulluɓe, mata sun kewaye ta, tana kuka irin wanda ba na al'ada ba. An sa ta a mota ta riƙe hannun Safiyatu ta ƙi saki. Gwaggonni sun yi rarrashi, sun yi faɗa, ba ta ko ji. Malam Mika'ilu yana zaure, ya ce shi ba zai fito ba, maza ba sa shiga wannan. Da kukan ya yi yawa sai ga shi ya sunkuyo ta ƙofa. Ya zagaya bayan mota, ya tsaya daidai tagar da take, inda ba ta ganinsa.

"Batul, ya isa. Ina nan."

Kuka ya tsaya. Ta saki hannun Safiyatu a hankali, ta jingina kanta da kujera.

Direban motar baƙo ne, ɗan haya daga Kano, yana can yana gyara madubi bai ga mai magana ba. Ya ji dai muryar tana rawa, sai tausayi ya kama shi. Ba tare da ya waiga ba ya ce, "Hajiya, sai haƙuri. Kowace uwa haka take ji ranar nan."

Sannan ya waiga, ya ga ƙato da gemu hawaye yana bin gemun. Nan take direban ya fara neman kalmar ba da haƙuri.

Malam Mika'ilu bai murza yatsa ba. Ya ce, "Haka ne, ɗana. Na gode. Ka tuƙa a hankali."

Ya tsaya a bakin hanya har motar ta sha kwana, sannan ya koma zaure ya zauna a kan buzunsa.